Durƙusa wa Wada: Ƙauna da Tawali'u a Makonnin Jiran Kirsimeti

Da zarar watan Nuwamba ya karkata, hunturu ya fara kaɗo ƙura, gidajen Kirista a arewacin Nijeriya sukan shiga wani irin motsi da ba a ganin irinsa a sauran watanni. An gama girbi, an kai baikon godiya na kaka majami'a. Teloli sun daina karɓar sabon ɗinki domin yadin anko ya cika shago. Masu adashi suna lissafin ranar kwasa, mawaƙan coci suna bita har dare, tashoshin mota a Abuja da Kano da Legas sun fara cika da masu komawa Kafanchan, Pankshin, Billiri, Numan da Zuru. Ana share tsakar gida, ana gyara dangar da damina ta kayar, ana kiwata akuyar da za a yanka.

A cikin wannan hada-hada akwai abu guda da ba kasafai yake shiga lissafi ba. A gidan da aka share tsaf akan sami wa da ƙane da suka shekara uku ba su gaisa ba saboda iyakar gonar da mahaifinsu ya bari. Akan sami uwar miji da matar ɗa da kowacce ke hura murhunta dabam, alhali ƙofofin ɗakunansu suna kallon juna. Akan sami miji da mata da suke zama a benci ɗaya ranar Lahadi, amma a ɗaki maganarsu ba ta wuce ta kuɗin cefane. Ranar 25 ga Disamba dukansu za su sa sababbin kaya, su raira waƙoƙin salama, sannan kowa ya koma gida da ƙullin da ya fito da shi.

Idan aka tambayi waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami wanda zai ce ya daina ƙaunar ɗan'uwansa. Ƙanen nan zai iya sayar da babur ɗinsa idan aka kwantar da wansa a asibiti. Abin da ya gagare shi shi ne ya taka zuwa zauren wan ya fara yin sallama. To, ƙaunar da za ta iya sayar da babur amma ta kasa yin sallama, wace irin ƙauna ce? Idan kuwa aka ce tawali'u ne ya rage mata, shin wannan tawali'un ba wata hanya ce ta miƙa wuya ga mai taka mutane ba? Waɗannan tambayoyi biyu su ne abin da wannan maƙala za ta duba, a hasken abin da Kirista suka yi imani da shi game da makonnin da ke gaban Kirsimeti.

Makarantar jira

Makonnin jiran zuwan Almasihu suna farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Sunan da ikkilisiyoyin Yamma suka ba wannan lokaci ya samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin isowa, irin isowar sarki cikin gari. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba ta fito daga birnin Rum, a shekara ta 336. A ƙarni na 5, a ƙasar da yau ake kira Faransa, Bishop Perpetuus na birnin Tours ya kafa azumin kwana uku a kowane mako, daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha har gobe suna azumin sama da kwana 40 kafin bikinsu na 7 ga Janairu. Da'irar kyandirorin da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya kuwa ta fara ne a 1839 a birnin Hamburg na Jamus, inda wani fasto mai suna Johann Wichern, wanda yake riƙon yara marasa galihu, ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki domin yaran su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. A nan ƙasar, Katolika da Angilika da Lutaran suna kiyaye waɗannan makonni a tsarin ibadarsu, sauran ikkilisiyoyi kuma ko ba su kira su da suna ba, wa'azinsu da waƙoƙinsu na Disamba duk a kan labarin suke.

Wannan tarihi yana nuna cewa tun farko lokacin na kame baki ne da jira. Jira kuwa a al'adarmu ma'auni ne na matsayi. Talaka ne yake zuwa ofis tun da sassafe ya zauna a benci har azahar. Babban baƙo a wurin biki shi ake jira, kuma tsawon jiran da aka yi masa shi ne girman rawaninsa. Ko a gida, wanda ya fi ƙarfi shi ne ba ya jiran amsa. Saboda haka lokacin da ikkilisiya ta sa kowa, daga bishop zuwa mai shara, ya zauna jiran abin da ba shi da ikon gaggauta zuwansa, ta shigar da shi ajin farko na tawali'u ke nan.

Dietrich Bonhoeffer, faston nan na Jamus da gwamnatin Hitler ta kama a watan Afrilu na 1943, wata uku kacal bayan an yi masa baiko, ya rubuta wa amininsa wasiƙa daga kurkukun Tegel a Nuwamban wannan shekara. A cikinta ya kwatanta makonnin jira da zaman fursuna, wanda yake ɗan kai-da-kawowarsa a cikin ɗaki amma ya san ƙofar daga waje kaɗai za a iya buɗe ta. An rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945, bai kai ga aurensa ba. Kwatancin nasa ya shafi zumunci kai tsaye. Zuciyar wani ma ƙofa ce da ba a buɗe ta da ƙarfin tuwo. Mutum na iya ƙwanƙwasawa, yana iya tsayawa a bakinta, amma buɗewar tana hannun na ciki. Mai girman kai shi ne wanda ya kasa jure wannan tsayuwa.

Abin da harshe ya rarrabe

Hausa ta raba abubuwan da akan cakuɗa a wa'azi. Akwai so, akwai ƙauna. So yana da faɗi: ana son mutum, ana son nama, akwai son kai, akwai son zuciya. Shi ya sa ake cewa so hana ganin laifi, domin so yakan rufe ido, ya ƙera wa mai shi hoton da ransa yake buƙata. Ƙauna ta fi nauyi, kuma ita ce kalmar da ta zauna a bakin Kirista masu jin Hausa tun daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, idan ana maganar halin Allah ga ɗan Adam. Ƙauna tana ganin laifi sarai, ta kuma ci gaba da neman alherin mai laifin.

Haka nan akwai ƙasƙanci, akwai ƙanƙan da kai. Ƙasƙanci abu ne da ake yi wa mutum, a tauye masa mutunci ba da yardarsa ba. Ƙanƙan da kai kuwa aiki ne da mutum yake yi da kansa, yana sane, yana da halin ƙin yi. Kalmar tawali'u da muka aro daga Larabci ta fito ne daga tushen da ke nufin ajiyewa ko saukewa, wato mutum ya sauke wani abu da yake ɗauke da shi. Wanda ba ya ɗauke da komai ba shi da abin saukewa. Karin maganar nan da ta ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne tana ɗauke da wannan fahimta: dogo ne yake durƙusawa, kuma idan ya miƙe tsawonsa yana nan yadda yake.

Daga nan za a ga inda ƙauna take buƙatar tawali'u. Ƙauna neman alherin wani ne, alherin wani kuwa ba a saninsa sai an saurare shi, sauraro kuma ba ya yiwuwa ga wanda ya riga ya yanke cewa ya san komai. Uban da yake ƙaunar 'yarsa amma bai taɓa tambayarta abin da take so ta karanta ba, mijin da yake cika rumbu amma bai san abin da ke sa matarsa kuka ba, dukansu suna da ƙauna, sai dai ƙaunar ta rikiɗe ta zama mulki. Ba banza ba Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, da wani ɗalibi ya nemi ya nuna masa hanyar gaskiya, ya amsa masa da cewa matakin farko da na biyu da na uku duk tawali'u ne.

Mutanen da ke cikin labarin

Labaran da ake karantawa a waɗannan makonni cike suke da mutanen da dangantakarsu ta shiga gwaji. Na farko shi ne Yusufu. Matiyu ya nuna shi a matsayin mutumin da ya tarar da wadda aka yi masa baiko da ita tana da ciki, ya kuma san ba nasa ba ne. Shari'ar Musa ta ba shi damar kai ƙara, al'umma kuma za ta goya masa baya. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da irin wannan labari yake yi wa namiji a majalisa. Tun kafin a bayyana masa gaskiyar al'amarin a mafarki, Yusufu ya riga ya yanke shawarar rabuwa da ita a asirce domin kada ya tona mata asiri. Wato a daidai lokacin da yake ganin an cuce shi, mutuncinta ya sa a gaba da wanke sunansa. Daga baya ya ɗauke ta zuwa gidansa, ya ɗauki tsegumin gari tare da ita. A cikin Linjila duka ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. A zamanin da saɓanin ma'aurata kan isa Facebook kafin ya isa kunnen iyaye, shirun Yusufu abin tsayawa ne a duba.

Sai Maryamu da Alisabatu. Luka ya ba da labarin yadda Maryamu ta tashi daga Nazarat zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, tafiyar sama da kilomita 100, ta zauna wajen wata uku tare da 'yar'uwarta. Zumunci a ƙafa yake, ita kuwa ta taka. Alisabatu dattijuwa ce, matar firist, daga zuriyar Haruna, ta kuma sami ciki bayan shekaru masu yawa na gorin rashin haihuwa. Idan akwai wadda ta cancanci a zauna a saurari labarinta, ita ce. Amma da yarinyar ta shigo, dattijuwar ce ta ɗaga ta sama da kanta, ta ɗauki zuwanta a matsayin girmamawar da ba ta cancanta ba. Gidaje nawa ne za su zauna lafiya da a ce babba zai iya yin murna da ɗaukakar ƙaraminsa ba tare da jin an rage masa wani abu ba?

Na uku shi ne Yahaya Maibaftisma, wanda ake karanta labarinsa a Lahadi ta biyu da ta uku. Da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi domin shirya wa mai zuwa, bai aike su dogon azumi ba. Ya ce wa talakawa su raba tufa da abinci da wanda ba shi da su. Ya hana masu karɓar haraji ƙara ko anini a kan abin da doka ta yanka. Sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi. Shirin tarbar Allah a wurin Yahaya yana bi ne ta kan haƙƙin maƙwabci.

Akwai kuma wata gaɓa a wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa wadda malaman tauhidi suke ɗauka a matsayin zuciyar koyarwar Kirista a kan zuwan Almasihu: cewa shi da yake daidai da Allah bai riƙe wannan matsayi kam-kam ba, ya sauke shi ya ɗauki siffar bawa. Abin lura shi ne dalilin da ya sa Bulus ya kawo maganar. Yana roƙon ikkilisiyar ne ta bar tsaguwa da neman suna, kuma kusa da ƙarshen wasiƙar ya ambaci mata biyu, Afodiya da Sintiki, yana roƙonsu su daidaita. Wato an kawo mafi zurfin asirin bangaskiya ne domin a gyara zaman mutanen da suke sujada a wuri ɗaya.

Ƙorafin da bai kamata a kauce masa ba

Ba kowa ne ya yarda tawali'u halin kirki ne ba. Aristotle ya yabi mutum mai girman rai, wanda ya san darajarsa, yake son yin kyauta amma yake jin kunyar karɓa. David Hume, a 1751, ya jera tawali'u cikin halayen masu zaman zuhudu waɗanda a ganinsa ba su amfani mai su ba, ba su amfani jama'a ba. Friedrich Nietzsche ya fi su zafi: a 1887 ya rubuta cewa raunana ne suka kasa ramawa, sai suka yi wa gazawarsu ado suka kira ta nagarta.

Ba sai an je Turai ba kafin a ji nauyin wannan ƙorafi. Matar da mijinta ya fasa mata baki ta gudu gidan dattijon ikkilisiya, aka ce mata, “Ki yi haƙuri, 'yata, ki koma, Kirsimeti ya zo, kada a ji ku,” ta san abin da Nietzsche yake nufi ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikin gida wata shida ba a biya ta ba, ana kuma koya mata ladabi, ita ma ta sani. Gaskiya ne an sha amfani da kalmar tawali'u a matsayin akala a hancin marasa ƙarfi. Duk wanda zai kare tawali'u dole ya fara da amincewa da wannan.

Amsa ta farko tana cikin alkiblar labarin kansa. A koyarwar Kirista, wanda ya sunkuya shi ne na sama. Mai iko ne ya zo a matsayin jariri, aka kwantar da shi a komin dabbobi, iyayensa kuma da suka je Haikali suka miƙa hadayar tsuntsaye biyu, wadda Littafin Firistoci ya ware wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Idan haka ne, wa'azin tawali'u ya kamata ya fara sauka a kan mai ƙarfi: miji kafin mata, uban gida kafin yaron gida, fasto kafin mai bi, wa kafin ƙane. Duk lokacin da aka juya shi aka ɗora wa wanda yake ƙasa shi kaɗai, an mai da Kirsimeti kansa ƙasa ƙafa sama. Waƙar da Luka ya sa a bakin Maryamu ma jigonta juyin matsayi ne, inda masu mulki suke gangarowa, mayunwata suke ƙoshi.

Amsa ta biyu ita ce tawali'u ba ya ɗaure harshe. Yahayan nan da ya ga kansa bai isa ko ya yi wa Almasihu aikin bara ba, shi ne ya tsaya ya gaya wa Sarki Hirudus Antibas cewa auren matar ɗan'uwansa haram ne, har maganar ta ci ransa. Mai tawali'u ya san iyakarsa, ya kuma san iyakar kowa, har da sarki. Saboda haka matar da ake duka ba ta saɓa wa tawali'u ba idan ta fita ta tsira da ranta, ta faɗi gaskiya, ta nemi kariyar hukuma a ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mutane da Nijeriya ta kafa a 2015. Wanda ya rasa tawali'u a wannan gida shi ne mai dukan, tare da dattijon da ya fifita sunan ikkilisiya a kan jinin 'yar mutane.

Amsa ta uku ta shafi mutumin Aristotle mai jin kunyar karɓa. Irinsa suna da yawa a watan Disamba. Ɗan da ya yi arziki a birni yakan sauka da buhunan shinkafa da atamfofi, ya raba wa kowa, amma ba zai zauna a tabarma ya ci tuwon ƙanwar mahaifinsa ba, ba zai karɓi shawarar wansa manomi ba, ba zai yarda a ga yana da damuwa ba. Kyautarsa tana sa a yi masa godiya, tana kuma ƙara nisa tsakaninsa da masu godiyar. Jariri kuwa ba shi da abin bayarwa. Sai an shayar da shi, an naɗe shi, an gudu da shi Masar idan takobi ya taso. Idan Kirista ya yarda Allah ya zaɓi ya zo a wannan hali, ya yarda ke nan cewa buƙatar wani ba abin kunya ba ce, kuma ƙaunar da ba ta iya karɓa ba ta cika ba.

Duk da haka akwai abin da ya rage a cikin ƙorafin wanda ba a iya share shi. Wanda ya fara sunkuyawa ba shi da tabbacin za a ɗaga shi. Ana iya barinsa tsaye a zaure, ana iya ɗaukar zuwansa a matsayin amsa laifin da ba nasa ba. Labarin Kirsimeti bai ɓoye wannan ba, domin wanda ya zo ɗin bai sami wuri a masauki ba, ƙarshensa kuma gicciye. Tawali'u ba dabara ce ta cin nasara a kan abokin gaba ta bayan gida ba. Kasada ce, wani lokaci kuma akan yi asara.

Bayan katangar gida

Maganar ba ta tsaya a kan iyali ba. Kirsimeti a arewacin Nijeriya yana da tabo. An tayar da bama-bamai a Jos a jajibirinsa a 2010. An kai hari cocin Katolika na Madalla a Jihar Neja ranar bikin kansa a 2011. Daga 23 zuwa 25 ga Disamba, 2023, an kashe sama da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Wanda ya binne nasa a irin wannan rana yana da haƙƙin a bi masa kadi, kuma gafarar da zai yi a zuciyarsa ba ta sauke wa hukuma nauyin kama mai laifi da hukunta shi ba. Amma maƙwabcin da ake musayar abinci da shi a Sallah da Kirsimeti shekara da shekaru ba shi ne maharin ba, kuma girman kai na jama'a, wato kowane ɓangare ya ga kansa shi kaɗai aka zalunta, yana iya rushe wannan maƙwabtaka cikin dare ɗaya.

A Kaduna akwai misalin da aka sani. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai wadda ta yi aikin sulhu a wurare da dama, ciki har da Yelwa da Shendam. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fara sassauta zuciyar faston shi ne zuwan da limamin ya yi duba mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Wuye da bakinsa ya faɗi cewa ya ɗauki shekaru yana aiki tare da Ashafa kafin ƙudurin ramuwa ya bar ransa. Sulhun nasu bai sauka rana ɗaya ba, kuma ba wanda ya bar addininsa. Wani ne ya fara takawa zuwa inda ba a gayyace shi ba, ɗayan kuma ya daure ya karɓa.

Wa zai fara?

A yawancin rigingimun gida kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wa yana ganin shekarunsa sun isa a zo a same shi. Ƙane yana ganin shi aka danne, don haka shi ya kamata a nema. Idan aka bi lissafin cancanta, kowa zai zauna a zaurensa har a zo a gaya masa an yi rasuwa, kuma an sha ganin 'yan'uwan da ba su sake tsayawa kusa da juna ba sai a bakin kabari. Bangaskiyar Kirista ta warware wannan ƙulli ta hanyar da ba ta bi ta cancanta ba. A fahimtarta, wanda aka yi wa laifi, wanda kuma ya fi kowa girma, shi ne ya fara tasowa. Mai riƙe da wannan imani ya rasa hujjar cewa shi ya fi ƙarfin ya fara. Yesu ma a Bisharar Matiyu ya sa sulhu da ɗan'uwa a gaba da miƙa baiko, har ya ce a ajiye baikon a je a dawo.

Farawa ba ta nufin a ce gonar ba ta da iyaka ko a ce ba a yi laifi ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma maganar gado tana da dattawa da shaidu da ranar zamanta. Abin da ake nema a makonnin jira ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wuya: mutum ya tsaya a ƙofar da ya daɗe yana kauce wa, ya ce, “Yaya, ina kwana? Na zo gaishe ka ne,” ya karɓi ruwan da aka miƙo masa, ko ya jure idan ba a miƙo ba. Uwar miji ta aika wa matar ɗanta da ɗan daddawa, ko ta ce, “'Yata, zo ki ɗanɗana mini gishirin miyar nan.” Mai gida ya biya yarinyar aiki haƙƙinta cif kafin ya je kasuwar awaki. Mai bashin da yake ta ɓuya ya fito ya faɗi abin da zai iya biya da ranar da zai biya.

Girman kai rawanin tsiya ne, in ji Hausawa, kuma nauyinsa a kan mai shi yake. Lahadi huɗu ba su isa su gyara abin da shekaru suka ɓata ba, amma sun isa a yi tafiya daga wannan zaure zuwa wancan. Wanda ya yi wannan tafiya, ko an buɗe masa ko ba a buɗe ba, zai shiga majami'a ranar Kirsimeti ya ji labarin komin dabbobi da kunnen wanda ya ɗan san kuɗin saukowa.